Ranar da Rufin Mota Ya Kama Rigar Baba

Assalamu alaikum, Inna Asabe.

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, don gero ya fara nuna a wajenmu, abin da ke damuna kuwa ba zai jira a yanke shi ba. Na san matsalolin da aka saba kawo miki na aure ne da na dangin miji. Tawa ta mota ce. Kada ki yi dariya tukuna, ki bari in gama.

Ni malamar makaranta ce a nan Gusau, maigidana ya rasu, yarana sun tasa. Ni ce ɗiyar fari a wajen mahaifina, ki riƙe wannan da kyau don shi ne gindin maganar. Baba manomi ne a Furfuri ta ƙasar Bungudu, dogon mutum, irin wanda sai ya sunkuya yake shiga ɗakin kowa. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ta gefen dama. Alhamdulillahi bakinsa ya warware, ƙafar ma tana ɗaukarsa da sanda, amma hannun sai dai a ɗaga masa a ajiye, wuya da baya kuma sun ƙi lanƙwasuwa. Innarmu ta rasu tun da daɗewa, shi ya sa muka dawo da shi wajena, kusa da asibitin da ake yi masa gashin ƙashi.

Inna, shigar da Baba mota ya zame mana yaƙi. Kowace mota aka kawo sai kansa ya bugi saman ƙofa, hula ta faɗi, a yi ta tura shi ana jan ƙafa kamar ana loda buhu, mutanen layi suna kallo suna yi mana sannu. Mutumin da duk Furfuri ake kawo wa ƙara ya raba gardamar iyakar gona! Rannan ya ce da ƙannena a bar shi haka, ya gode, ba zai ƙara zuwa gashin ba. Ya juya fuska bango, abinci ma sai an yi da gaske.

Ƙanena Tajuddeen yana zaune a Tsafe, sana'arsa sayar da motocin Kwatano. Akwai wata da ta daɗe a hannunsa ta ƙi fita, mai ƙofa biyu, rufinta na tamfol. Ana danna maɓalli sai rufin ya tashi da kansa, ya naɗe, ya shige wani rami a bayan kujeru, a sake dannawa ya dawo ya rufe. Duk wanda ya zo sai ya zagaya ta ya yi dariya, wai mota ce da ba a gama ƙerawa ba. Shi ne wata safiya Tajuddeen ya turo ta ƙofar gidana ya ce mu gwada. Aka buɗe rufin, Baba ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa, ya juya baya, ya zauna a miƙe, hularsa ko motsi ba ta yi ba. Wallahi sai da na koma cikin gida na yi kukana na wanke fuska na fito. Har gobe ina yi wa yaron nan addu'a a kan wannan dabara.

Daga nan komai ya canza. In mun fito daga gashi sai in bi da shi hanyar Bungudu a hankali, rufi a buɗe, har Furfuri. Ya ga gonarsa ba tare da ya sauka ba, ya gaya wa masu aikin inda ciyawa ta fi ƙarfinsu, tsofaffin abokansa su taso daga gindin bishiya su kewaye motar ana tsokanar juna, wai tsufa ya zo masa da gayu. Ya dawo yana cin tuwo har yana neman ƙari. Ni da nake jin kunyar tuƙa jar mota babu rufi, da gilashina da hijabina iska tana kaɗawa, ɗalibaina suna nuna ni, sai na daina damuwa da kowa.

To, ga inda aka samu matsala. Kin san halinmu da ɗan fari. Tunda nake, Baba bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi maganata da ƙannena sai ya ce yayarku. In ni yake nufi kai tsaye, sai ya yi gyaran murya, ya yi maganar yana kallon wani gefe. Ni ma haka na tashi, ban iya kallon fuskarsa ba, balle in ce masa ɗaga nan ko sauke can. A motar ma haka muke tafiya, shi yana kallon gonaki, ni ina kallon titi, kuma wallahi daɗin zaman muke ji a hakan.

Ran wata Talata, muna dawowa daga asibiti, hadari ya haɗu ta gabas. Na taka mota muka iso ƙofar gida iska ta riga ta taso, yayyafi ya fara sauka. Fitar da Baba ba abin gaggawa ba ne, sai na ce a raina bari in rufe motar muna ciki, mu jira ruwan ya tsagaita. Ban taɓa rufewa yana ciki ba sai ran nan. Kin san Baba ba ya fita sai da babbar riga, ko asibiti za shi. Kujerarsa kuma mun tura ta can baya saboda tsawon ƙafarsa. Ashe iska ta kwashe hannun rigar na dama daga kafaɗarsa ta jefa shi baya, daidai inda ƙarafan rufin suke fitowa. Na danna maɓalli, idona yana sama ina kallon hadari. Na ji Baba ya yi gyaran murya, na ɗauka ƙura ce ta shaƙe shi. Ya sake yi, yatsana yana nan a kan maɓallin.

Allah ne ya kawo Esta. Maƙwabciyata ce, tela ce, mutuniyar Filato, mijinta Luka yana aikin gwamnati a nan. Ta fito kwashe shanya sai ta hango abin da ni da nake zaune kusa da shi ban gani ba: ƙarfe ya naɗe hannun rigar yana ja, mataccen hannun ya karkace baya, wuyan rigar ya fara shaƙe Baba. Ta zubar da kayan a ƙasa, ta ƙwala mini kira da sunana na yanka da wata irin murya da ban taɓa jin ta da ita ba, tana dukan gaban motar da tafin hannu. Na saki maɓallin don firgita, rufin ya tsaya cak a sama. Kafin in gane abin da ake ciki ta ruga shagonta ta dawo da almakashi ta yanke hannun rigar. Muka fito da shi ruwa yana dukanmu mu uku. Sai da muka zaunar da shi a ɗaki na koma na zare yankakken ƙyallen na ƙarasa rufe motar.

Likita ya duba ya ce babu karaya babu targaɗe, sai ƙurjewa a wuya da tsamin kafaɗa. Na gode wa Allah, na sake gode masa. Esta kuwa ban san bakin da zan gode mata da shi ba. Na kai mata turmin atamfa ta dawo mini da shi, wai Baba ai babanta ne. Bayan kwana biyu sai ga ta da rigar, ta mayar da hannun ta ɗinke, sai kin ƙura ido za ki ga wurin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ta gaya mini daga baya. Baba yana sakin jiki da ita, har wasa suke yi, yana ce mata ɗiyar dutse saboda duwatsun garinsu. Ta tambaye shi don me bai yi magana ba. Ya ce mata tun farko ya ga rigar ta shiga ƙarfen, sunan ya zo masa har baki, harshen ya ƙi ɗauka. Ya kuma ce ta gaya wa ƙawarta kada ta sa abin a ranta. Inna, mutum yana shaƙewa amma kunya ta hana shi kiran ɗiyarsa! Ban san ko haushi zan ji ba ko tausayi, kullum na tuna sai hawaye.

Tun ranar ban ƙara taɓa maɓallin nan ba. Motar tana ajiye a rufe. Mun koma tsohon yaƙi da motar haya, Baba ya je gashi sau ɗaya ya ce ya isa. Tajuddeen da ya ji labari hankalinsa ya tashi, yana ganin shi ya jawo. Ya ce zai zo ya cire wayar rufin ya sa a ɗaure shi gaba ɗaya, ko ya ɗauke motar ya kawo mini wata. Ya ƙara da cewa dama a halin da ake ciki a hanyoyinmu, jar mota a buɗe jan ido ne kawai. Na san gaskiyarsa. Amma mota mai rufi a ɗaure ba ta da wani amfani ga Baba. Shekaranjiya na ji shi ta taga yana tambayar Esta ko ta ji labarin an fara yankan gero ta wajen Rawayya. Ni kuwa na gane abin da yake nufi.

Shin in bar Tajuddeen ya yi abin da ya ce, in huta da fargaba? Ko akwai yadda ake sarrafa rufin nan ba tare da an sake shiga abin da muka shiga ba? Kuma ta yaya zan kiyaye mutumin da ba zan iya kallon idonsa ba, shi kuma ba zai iya kiran sunana ba? Ki yi haƙuri na cika ki da surutu, ba ni da wanda zan zazzage wa.

Taki,
Ɗiyar Fari, daga Gusau.

*

Wa alaikumus salam, Ɗiyar Fari.

Ban yi dariya ba, sai dai a wajen tsufan da ya zo da gayu. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka wa Esta da alheri, ya yi wa Tajuddeen albarka. Kina da mutane, ɗiyata, ki fara da sanin wannan.

Tsoron Tajuddeen ba na banza ba ne, kada ki yi masa gardama a kai. Ƙarafan rufin nan inji ne ke tura su, ba su san riga ba, ba su san yatsa ba, kuma yawancinsu ba sa tsayawa don sun ci karo da wani abu. Maganarsa ta hanya ma abin dubawa ce. Amma ɗaure rufin zai tsare wuyan Baba ne ya mayar da shi kallon bango, kin kuwa riga kin ga abin da kallon bango yake yi masa. Shawarata ita ce a bar motar yadda take, a gyara yadda ake aiki da ita. Na zauna da wani makaniki da ya saba da irinsu, abin da ya gaya mini ba mai wuya ba ne.

Babbar doka ita ce rufi ba ya motsi Baba yana ciki. Ki buɗe kafin ya shiga, ki rufe bayan ya fita ya yi nesa da motar. Duk lokacin da za ki danna, mota ta tsaya cik a wuri mai daidai, ki ja birkin hannu, ki bar injin yana aiki don kada batir ya gaza rufin yana tsakiyar hanya. Ki ɗaga kai ki duba sama, don rufin yana tashi ya wuce tsawon motar sosai, reshen dalbejiya ko igiyar shanya ko bakin rumfa duk suna iya kama shi. Ki leƙa ramin da yake shiga. Mu da ba ma ganin fili a mota mu ƙyale, nan ne za a cusa sandar Baba ko darduma ko ƙullin kuka da aka ba ku a ƙauye, abu kaɗan kuwa ya isa ya yaga tamfol ko ya fasa gilashin baya. In motarki mai ƙugiya ce a saman gilashin gaba, ki kwance kafin ki buɗe, ki tabbatar ta kama bayan kin rufe.

Sai abokan Baba na Furfuri. Mutanenmu da hannu suke gaisuwa, kowa ya dafa mota ya jingina. Kada ki taɓa maɓallin sai kin faɗa da ƙarfi cewa za a motsa rufi, kin ga kowa ya ja baya da idonki. In kin danna, idonki a kan ƙarafan, ba a kan hadari ba. Kin riga kin koyi abu mafi muhimmanci da tsada: sakin maɓalli yana tsayar da shi. Amma kada ki bar shi tsaye a sama ya daɗe, kuma kada kowa ya sa kai ko hannu a ƙarƙashinsa, don yana iya saki ya faɗo da nauyinsa. Esta ta yi sa'a da almakashinta, ba abin maimaitawa ba ne. Ki tuna kuma gilasan gefe sukan tashi da kansu a ƙarshe, hannun da ba ya ji kuwa ba zai janye kansa daga bakin taga ba.

Game da ruwa, kuskuren ranar ba na rufewa ba ne kaɗai, na jinkiri ne. Da zarar gabas ta fara duhu, ki nemi wuri ki tsaya tun iska ba ta taso ba, don iska mai ƙarfi tana iya murɗe rufin da ya buɗe rabi. In dole ta sa sai kin rufe yana ciki, ki sauko, ki zagaya ta gefensa, ki matso da kujerarsa gaba, ki tattaro hannun rigar ki soke shi a ƙarƙashin bel ɗin kujera, ki ɗora hannun nan na dama a kan cinyarsa, ki ba shi carbinsa ya riƙe da na hagu a kai. In kuwa ruwan ya riga ya sauko, ki bar shi ya jiƙe. Manomi ne, ba yau ruwa ya fara dukansa ba, jiƙaƙƙiyar riga ana shanya ta. Shi ma rufin in ya jiƙe kada ki naɗe shi sai ya bushe, in ba haka ba fumfuna za ta ci shi.

Ki kira Tajuddeen, ba don ya cire waya ba, don ya kai motar a duba ƙarafan da suka ci ƙyalle, a ga ko wani ya lanƙwashe, a duba man da ke tura su, a kuma nuna muku ku biyu yadda ake rufewa da hannu in inji ya ƙi. Sannan ki yi ta gwadawa a gabansa, motar babu kowa, har hannunki ya saba, kina ba injin hutu tsakani don yana ɗaukar zafi. Yaron yana jin nauyin abin a ransa ne, ki ba shi aikin da zai sauke shi. A maganar hanya kuwa ki bi tasa: ku fita da hantsi, ku tambayi lafiyar hanya kafin ku tashi, ku dawo rana tana sama, in ya samu dama ya raka ku.

Esta ta ƙi atamfa don ba ciniki ta yi ba. Irinta ba a biyanta, sai dai a riƙe ta. Ki roƙe ta ta sa wa rigunan Baba ɗan maɗauri a kafaɗar dama ta ciki, wanda zai riƙe hannun riga in an naɗe shi. Za ta fi jin daɗin wannan a kan kowane turmi. In sabon gero ya zo gida kuma, ki kai mata nata da hannunki ki ce daga gonar babanta ne.

Saura tambayarki ta ƙarshe. Ba zan ce ki koya wa dattijo kiran sunan da bai taɓa kira ba, ba kuma zan ce ki fara zura masa ido ba. Ba fuskarsa ake so ki kalla ba, hannuwansa ne da rigarsa, wannan kuwa babu rashin kunya a ciki. Ki aika Esta, tunda ita ce bakinku, ta gaya masa daga yau ba za ki danna komai ba sai kin ji ya yi bisimilla a fili. Ke kuma ki ɗaukar wa kanki alkawari: in kika ji gyaran murya, ko tari ne ya sarƙe shi, yatsanki ya bar maɓalli kafin ki yi tunanin komai.

Kin ce kunya ta hana shi kiranki. Ni ba haka na karanta a wasiƙarki ba. Tun kina cikin zani da gyaran murya yake kiranki, shi ne sunanki a bakinsa, babu kuma wanda yake kira da shi sai ke. Ran Talatar nan ya kira ki, ya sake kira. Rannan ma da yake tambayar Esta labarin gero a gindin tagarki, ke yake kira. Wannan karon ki amsa. Ki buɗe rufin tun bai fito ba, ki kai shi ya ga gonarsa a tsaye kafin a kwantar da ita.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa ku ci sabon gero tare. A gaishe mini da Baba da Esta.

Inna Asabe.